Curin gawayi daga tarkacen gona: abin da sitaci ke iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Ɗebi garin gawayi cike da tafin hannunka, ka dunƙule iya ƙarfinka, sannan ka buɗe. Zai zube kamar yashi. Yayyafa masa ruwa ka sake dunƙulewa, zai tsaya na ɗan lokaci, amma da zarar ya bushe sai ya koma gidan jiya. Duk wani bayani kan curin gawayi daga wannan ɗan gwajin yake farawa. Kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, idan aka mayar da su gawayi, ba sa fitowa gunduwa-gunduwa kamar na itace. Fitowa suke sakayau, masu saurin marmashewa, iska kaɗan ta kwashe su. A zuba su a murhu a haka, ko dai su toshe hanyar iska wuta ta mutu, ko su zurare ta ramukan ƙasa. Dole a sami abin da zai kama garin nan ya mayar da shi dunƙule mai nauyi, kuma abin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne sitaci.

Ga dalilin da ya sa garin gawayi ba ya kama kansa. Jikin kowane tsiro ya ƙunshi manyan sinadarai uku: seluloz, da hemiseluloz, da lignin. Na ukun shi ne ɗankon da ke riƙe zaren tsiro, shi ke sa itace ya tsaya ƙyam. Idan aka matse ɗanyen garin katako da ƙarfi sosai tare da zafi, lignin ɗin yakan yi laushi ya manne garin, ba a buƙatar ƙara komai. A Japan an daɗe ana haka: a matse garin katako ya zama sanda mai rami a tsakiya, daga baya a gasa sandar ta zama gawayi. Sai dai wannan hanya na buƙatar inji mai ƙarfin gaske da wutar lantarki mai yawa, ga ƙarfen injin da ke saurin cinyewa. Hanya ta biyu, wadda mai ƙaramin jari ke iyawa, ita ce a fara ƙona tarkacen ya zama gawayi, sannan a cura. Matsalar ita ce wutar da ta mayar da shi gawayi ta riga ta lalata lignin ɗin. Ɗankon Allah ya tafi, sai ɗan Adam ya kawo nasa.

Me ya sa za a sha wannan wahalar? Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2015 an samar da gawayin itace kimanin tan miliyan 52 a duniya, kuma wajen kashi 62 cikin ɗari a Afirka aka yi shi. Ramin ƙona gawayi na gargajiya, wanda ake lulluɓe itace da ƙasa, sau da yawa kilo 10 zuwa 20 kawai yake bayarwa daga kilo 100 na itace. A ɗaya gefen kuma, bayan kowane girbi ana cinna wa tarin kara da ɓuntu wuta a banza. Hayaƙin da ke turnuƙe birnin Delhi na ƙasar Indiya a watannin Oktoba da Nuwamba, wani kaso nasa daga gonakin Punjab da Haryana yake tasowa, inda manoma ke ƙone karan shinkafa don su yi saurin shuka alkama. Ana sare bishiya don neman makamashi a nan, ana ƙone makamashi don a rabu da shi a can. Duk mai hankali zai ce a haɗa biyun.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun a 1897 wani Ba'amurke daga jihar Pennsylvania mai suna Ellsworth Zwoyer ya yi rajistar fasalin curin gawayi. A shekarun 1920 kuma Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya ga tarin guntayen katako da garinsa da ke fita daga masana'antarsa a Michigan, lokacin da ake sa katako da yawa a jikin mota, sai ya sa aka riƙa mayar da su gawayi ana curawa da sitacin masara. Wannan kasuwancin ne daga baya ya koma Kingsford, wanda har yau ake sayar da gawayinsa a Amurka. Abin lura a labarin Ford shi ne sharar tasa a wuri guda take, a bushe, kuma kullum tana zuwa. Zan dawo kan wannan, domin a nan ne lissafin mutane da yawa ke karyewa.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne: sitaci riƙewa kawai yake yi. Ba ya ƙara wa gawayi zafi, ba ya rage toka, ba ya gyara gawayin da bai nuna ba. Masu shiga wannan sana'a sukan ƙare hankalinsu kan tambaya biyu, wane inji zan saya, kuma sitaci nawa zan zuba. Amma kafin a kai ga tukunyar sitaci, an riga an yanke wa curin hukunci a wuri biyu: irin tarkacen da aka zaɓa, da yadda aka ƙona shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Mu fara da tarkacen, kuma ma'auninsa na farko toka ce. Toka ita ce abin da ba ya ci, kuma ƙonawa ba ta rage ta, sai ma ta ƙara mata kaso. Ɗauki ɓuntun shinkafa, wanda ya fi kowane tarkace jan hankali saboda yawansa: kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, ga shi jibge a bakin injin casa. Amma kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ɓuntun toka ce, mafi yawanta silika, wato sinadarin da ke cikin yashi. A ce ka ƙona kilo 100 mai ɗauke da toka kilo 20, ka sami gawayi kilo 45 ko 50. Ruwa ya fita, hayaƙi ya fita, amma tokar nan kilo 20 tana nan daram. Ke nan wajen kashi 40 cikin ɗari na gawayinka ba zai taɓa kamawa da wuta ba. Curin da aka yi da zallar ɓuntu yakan yi kyau a ido, amma a murhu sai toka ta lulluɓe garwashin, zafin ya yi sanyi, mai girki ta yi ta fifita har hannu ya gaji. Silikar kuma tana cinye ƙarfen injin niƙa da na matsa kamar an goga musu takardar yashi. Ba a ce kada a taɓa ɓuntu ba, amma wurinsa shi ne a gauraya kaɗan cikin wani gawayin da ya fi shi.

Totuwar masara tokarta kaɗan ce, kashi 2 ko 3 cikin ɗari, tana ƙonuwa da kyau, tana dakuwa cikin sauƙi. Ƙoƙon kwakwa shi ne sarki: tauri, nauyi, ƙarancin toka, shi ya sa Indonesiya ke fitar da curinsa zuwa ƙasashen duniya, kuma da sitacin rogo ake kama shi. Ɓawon gyaɗa da tuƙar rake da karan auduga suna tsakiya. Ganyaye da ciyawa da siraran kara su ne ƙarshe, domin suna saurin zama toka tun a wurin ƙonawa. Akwai kuma wata tokar da ba daga tsiron take ba: ƙasa da yashin da ake sharowa tare da tarkacen, ko waɗanda ke shiga lokacin da aka juye gawayin a dandariyar ƙasa. Shimfiɗa buhu ko kwano kafin a juye ƙaramin abu ne, amma yana iya raba curi mai kyau da na banza.

Sai ƙonawar kanta, wadda a gaskiya ba ƙonawa ba ce, gashi ne. Ana so zafi ya ratsa tarkacen ba tare da isasshiyar iska ba, yadda ruwa da sinadarai masu tashi za su fita su bar kabon. Daga digiri 100 a ma'aunin Celsius ruwa ke ficewa. Tsakanin 200 da 300 hemiseluloz ke rushewa, seluloz ya biyo baya tsakanin 300 da 400, lignin kuma a hankali yake ba da kai har sama da haka. Gawayin girki mai kyau a kewayen digiri 400 zuwa 500 yake samuwa. Mai aiki da durom ba shi da ma'aunin zafi, amma yana da hayaƙi, kuma hayaƙi ba ya ƙarya. Fari mai kauri tururin ruwa ne. Idan ya koma rawaya-rawaya mai yaji, kwalta da iskar da ke iya kamawa da wuta ne ke fita, a lokacin ne za ka ga an kusanto da wuta bakin durom ɗin hayaƙin ya kama. Idan ya sirance ya yi shuɗi-shuɗi, aiki ya zo ƙarshe, sai a rufe, a toshe ramukan ƙasa da yashi, a bar shi ya huce. Wannan salon durom mai ramuka a gindi da murfi a sama shi ne Amy Smith da ɗalibanta na jami'ar MIT ta Amurka suka yaɗa a Haiti a farkon shekarun 2000, ƙasar da sare itace ya yi wa illa ƙwarai. Da tuƙar rake suka yi gawayin, da rogo suka kama shi.

Kuskure a nan iri biyu ne, kowanne da sakamakonsa. A rufe da wuri, tsakiyar tarkacen na nan ruwan ƙasa, bai nuna ba. Curin da aka yi da shi zai yi hayaƙi a murhu, mai saye kuma zai ce sitacin ne ya yi yawa, alhali laifin daga durom yake. A makara wajen rufewa, ko a bar wata kafa iska na shiga, sai a buɗe a tarar da rabi ya zama farar toka. Haka nan buɗewa da zafi: gawayin da bai huce ba yana haɗuwa da iska zai sake kamawa. Wasu sukan kwara ruwa don su yi sauri, amma ruwan da ka zuba yau kai ne za ka yi fama da busar da shi gobe. Shi kansa tarkacen ya kamata ya bushe kafin ya shiga durom, domin ɗanyen kara rabin wutarsa wajen korar ruwa take ƙarewa.

Akwai wata gaskiya da masu tallata wannan fasaha ba su cika faɗa ba, kuma a ganina ɓoye ta ba ya taimakon kowa. Kilo ɗaya na busasshen tarkace na ɗauke da makamashi kimanin megajul 17 ko 18 (megajul ma'aunin makamashi ne). Idan aka yi sa'a ya ba da rubu'in kilo na gawayi mai megajul 28 a kowane kilo, abin da ya rage megajul 7 ne. Fiye da rabin makamashin ya bi hayaƙi. Hayaƙin nan kuma yana ɗauke da iskar methane da kabon monoksaid da ƙurar da ke cutar da huhu. Idan ba a ƙone shi ba, an ɗauke hayaƙi ne daga ɗakin girki an kai wa mai ƙona gawayi da maƙwabtansa. Shi ya sa durom mai bututu a sama wanda ke cinye hayaƙinsa, ko irin tanda mai mayar da iskar cikin wuta ta ci gaba da gasa kanta, suka fi daraja nesa ba kusa ba. Mafi kyau ma shi ne a karkatar da wannan zafin zuwa busar da curin.

Niƙa ba ta da doguwar magana. A daka ko a niƙa, a tankaɗe da rariya yadda manyan ƙwayoyi ba za su wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Kada ya zama duka laushi kamar hoda, domin yawan laushi na shan sitaci da yawa kuma yana toshe hanyar iska a cikin curin. Gauraye ya fi, ƙanana su cike tsakanin manya. A rufe hanci da baki, a ɗan yayyafa ruwa ƙura ta kwanta.

Yanzu mu zo kan sitaci. A cikin rogo ko masara ko dankali, sitaci yana zaune ne a wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, a ƙulle tamau. Cikinsu akwai zare iri biyu: amilos, mai tsawo miƙaƙƙe, da amilofektin, mai rassa kamar ƙaya. A ruwan sanyi ƙwayoyin ba sa narkewa, kwanciya suke a gindin mazubi. Wanda ya zuba ɗanyen sitaci cikin garin gawayi ya kwaɓa da ruwan sanyi, gari ya ƙara wa gari. Sai zafi ya kai tsakanin digiri 60 da 75 ƙwayoyin ke shan ruwa su kumbura su fashe, zaren cikinsu ya bazu, ruwan ya tashi daga fari kamar madara ya koma kauri mai sheƙi da yauƙi. A wannan halin ne yake shafe jikin kowace ƙwayar gawayi, ya kutsa cikin ramukanta. Yayin da ruwan ke bushewa, zaren na matsowa kusa da juna suna sarƙewa, su zama ƙananan gadoji masu tauri tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Ƙarfin curi ke nan: ba ya samuwa a injin matsa, a wurin shanya yake samuwa.

Bambancin rogo da masara daga nan yake. Sitacin rogo amilos ɗinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba galibi, na masara kuwa ya kai 25 ko ɗan sama. Shi ya sa na rogo ke nuna da wuri, ya fi yauƙi da ɗanko, kuma yakan jima bai daskare ba. Na masara da ya fara hucewa yake sandarewa ya zama gunduwa mai karyewa, wadda ba ta gaurayuwa da gari sai dai ta yi gudaji. Dukkansu suna aiki, amma na masara ba ya jiran mai jinkiri. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara dama sitacin da ɗan ruwan sanyi har ya zama babu gudaji, sannan a tsiyaya shi cikin ruwa mai tafasa ana juyawa ba ƙaƙƙautawa, kimanin kashi ɗaya na sitaci ga kashi goma na ruwa, har launin ya juya. Da ya yi sheƙi a sauke. Barinsa kan wuta ana ta bugu yana tsinka zaren, ɗankon ya ragu. A zuba shi cikin garin da ɗuminsa, a cuɗa har babu busasshen wuri. Kwaɓin ya yi idan ka dunƙule ya riƙe siffarsa, ka matsa da ƙarfi ruwa ya ɗan leƙo tsakanin yatsu ba tare da ya zuba ba. Kada a ajiye dafaffen sitaci ya kwana, zai yi tsami ya tsinke.

Nawa za a sa? A masana'antu abin da aka saba shi ne kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin busasshen garin. Mai matsa da hannu yakan kai 10, domin abin da ƙarfin inji bai yi ba, ɗanko ne zai cike. Amma babu adadi guda da ya dace da kowane gari. Gawayin kara da na tuƙar rake kamar soso suke, suna shanye sitaci, na ƙoƙon kwakwa kuwa kaɗan ya ishe shi. Idan ya yi kaɗan, curin zai marmashe a buhu, mai saye ya tarar da rubu'in kayansa gari ne. Idan ya yi yawa, matsala uku ke biyowa. Sitaci ba gawayi ba ne, ɗanyen abu ne, don haka yana hayaƙi da ƙauri a farkon kamawa. Makamashinsa wajen megajul 17 ne a kilo, ƙasa da na gawayin da ya maye gurbinsa. Sannan yana jawo laima daga iska, wadda ke kawo fumfuna da ƙwari da ɓeraye. Hanyar gano adadin ita ce gwaji: a yi kwaɓi uku ko huɗu da ma'auni daban-daban, a busar, a saki kowanne daga tsayin ƙirji zuwa kan siminti, a ɗauki mafi ƙarancin sitacin da curinsa bai tarwatse ba. A auna da sikeli, a rubuta. Ma'aunin ido shi ke sa buhun yau ya bambanta da na jibi, kuma babu abin da ke korar mai saye kamar wannan.

Akwai tambayar da ke damuna, kuma ban ga dalilin kauce mata ba: sitaci abinci ne. Tan ɗaya na curi a kan kashi 6 cikin ɗari na cin sitaci kilo 60. Kafin a tace kilo ɗaya na sitaci ana buƙatar ɗanyen rogo kilo 4 zuwa 5, ke nan kowane tan na curi na lashe rogo kilo 240 zuwa 300. A nauyi sitaci shi ne ƙarami cikin kayan haɗin, amma a kuɗi sau da yawa shi ne babba, tunda tarkacen kusan kyauta ake samunsa, kuma duk lokacin da abinci ya yi tsada shi ma zai tashi. Mafita tana cikin sitacin da mutum ba zai ci ba: ɓawon rogo da aka busar aka niƙa, ragowar da ke kwanciya a ruwan tatar rogo, hatsin da ƙwari suka ɓata, sharar ƙasan injin niƙa. Ɗankonsu bai kai na tataccen ba, sai an ƙara yawa, amma sharar ce ke kama shara. Akwai kuma waɗanda ba sitaci ba. Baƙin ruwa mai kauri da ke saura a masana'antar sukari yana kamawa sosai, sai dai yana wari kuma yana jan laima fiye da sitaci. Ƙaro na da ɗanko mai kyau amma darajarsa ta wuce a ƙone shi. Yumɓu shi ne mafi sauƙin samu, kuma yana da wata fa'ida da sitaci ba shi da ita: sitaci na rushewa a wajen digiri 300, don haka curin da ke tsakiyar wuta ya riga ya rasa yawancin ɗankonsa, yumɓu kuwa zafi ƙara masa tauri yake. Kaɗan daga cikinsa na sa curi ya riƙe jikinsa har ƙarshe kuma ya daɗe yana ci. Amma kowane cokali na yumɓu toka ne, kuma da yake yana da nauyi, yana da jarabar da ke jan mai sana'a ya wuce gona da iri. Araha ba ta ado. Mai girki za ta gane tun a tukunyar farko.

Injin matsa, wanda aka fi kashe wa kuɗi, shi ne mafi ƙarancin sirri. Guntun bututun ƙarfe da sanda da guduma na yin curi. Inji mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki na fitar da shi kamar sanda ana yankawa. Manyan masana'antu na amfani da tayoyin ƙarfe biyu masu ramuka da ke juyawa suna fitar da curi mai siffar matashi. Matsi na ƙara nauyi, nauyi kuma na sa a daɗe ana ci, amma wanda aka matse fiye da kima yana wuyar kamawa. Rami a tsakiya na taimaka wa iska da bushewa. Girman kuma ya dace da murhun da za a sa shi.

Shanya ce maƙogwaron sana'ar, a nan komai ke cushewa. Sabon curi kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ruwa ne, kuma ana so ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Don a sami tan ɗaya busasshe, sai an kori ruwa wajen lita 400. A rana mai ƙarfi kwana uku zuwa mako guda ne, a lokacin damina kuwa abin na iya gagara ɗungurum, ga shi lokacin ne aka fi neman gawayi. Injin da ke fitar da tan ɗaya a yini ba shi da amfani idan filin shanyar na ɗaukar rubu'in tan ne kawai. Akwai kuma yaudarar ɓawo: waje ya bushe ƙayau, ciki na nan da danshi. A zuba irin wannan a buhun leda, cikin kwanaki zai yi fumfuna, a murhu kuma zai yi ta huci yana hayaƙi. Zafi mai tsanani tun a ranar farko shi ma yana tsattsaga shi, saboda waje na tsukewa kafin ciki. A ɗora a kan raga mai ƙafafu yadda iska za ta bi ta ƙasa, a riƙa juyawa, kuma kafin a ɗure a karya ɗaya a duba cikinsa. Wanda ke da sikeli ya auna guda goma yau, ya auna gobe, idan nauyin ya daina sauka an gama. Ko bayan ya bushe, ruwa abokin gabansa ne, domin ɗankon da ruwa ya kawo ruwa na iya warware shi. Gawayin itace zai sha ruwan sama ya bushe ya ci gaba da aiki, curin sitaci kuwa zai koma kwaɓi.

Alƙalin ƙarshe murhu ne. Ƙa'idar Turai ta gawayin gashi, EN 1860-2, ta nemi curi ya kasance da tsayayyen kabon, wato kabon da ke saura bayan ruwa da sinadarai masu tashi sun fita, ban da toka, aƙalla kashi 60 cikin ɗari, toka kada ta wuce 18, laima kada ta wuce 8. Ko ba ɗakin gwaji, mutum na iya kusantar amsar: a auna kilo ɗaya na curi da kilo ɗaya na gawayin itace, a ɗora ruwa iri ɗaya a tukunya iri ɗaya, a duba wanne ya riga tafasa, wanne ya fi daɗewa, sannan a auna tokar da kowanne ya bari. Abin da aka saba gani shi ne curi ya fi jinkirin kamawa, zafinsa bai kai na itace tsanani ba, amma ya fi daɗewa da daidaito, ba ya tartsatsi. Ya dace da dahuwa mai ɗaukar lokaci, da ɗumama ɗakin kaji, da wuraren da ake girki tun safe har dare. Yana son murhu mai wadatattun ramuka, a riƙa kaɗe tokar a hankali, kada a tsokane shi da ƙarfe kamar gawayin itace. Mai sayarwa da ya faɗi wannan tun farko ya fi wanda ya yi alkawarin cewa babu bambanci.

Kalmar "marar hayaƙi" da ake liƙa wa curi tana da haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 2 ne ke girki da makamashi mai gurɓata iska, kuma ta danganta mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020 da gurɓatar iskar cikin gida. Curi mai kyau na rage ƙurar hayaƙi idan aka kwatanta da ɗanyen itace ko kara, wannan gaskiya ne. Amma kowane gawayi, na itace ko na curi, yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini fiye da sau 200 a kan yadda oksijin ke kama shi. Rashin ganin hayaƙi na iya sa mutum ya saki jiki ya shigar da murhu ɗaki ya rufe ƙofa da taga. Wannan gargaɗin ya kamata ya kasance a jikin kowane buhu.

Na ce zan dawo kan sharar Ford. Tarkacen gona warwatse yake, sakayau ne, kuma sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara. Mota cike da kara iska ta ɗauko fiye da kaya, kuma kashi uku cikin huɗu na nauyin zai ɓace a durom. Hankali shi ne a kai durom gona a ƙona a can, a ɗauko gawayin kawai, ko kuma a kafa aikin a gindin inda shara ke taruwa da kanta: injin casa, injin ɓarzar masara, masana'antar sukari, wurin yankan katako, har da rumfunan masu sayar da gawayi inda garin da ya marmashe ke jibge. Kuma ba duk abin da ya rage a gona ne shara ba. Wani dabbobi ke ci, wani kuma ƙasa ke buƙata ya ruɓe a kanta ya mayar mata da ƙarfi, ya kare ta daga zaizayar ruwa da iska. Gonar da ake share wa kara tas kowace shekara tana ramewa. Totuwa da ƙoƙon kwakwa da ɓawo, waɗanda dama sun riga sun bar gona tare da amfanin kuma ba sa komawa, su ne suka fi cancanta a fara da su, kafin a taɓa karan da ke kwance a kan kunya.